Wanne Za Mu Fara Yi?

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, Luka 14:28-30, Nehemiya 5:1-13

   

Yau muna so mu yi tunani tare a kan wani abu wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba, amma kuwa ya ɓata tsakanin 'yan'uwa da yawa. Watau taron da ikilisiya takan yi bayan godiyar kaka, sa'ad da aka ƙirga buhuna da kuɗin baiko, aka kuma tambaya, "To, me za mu yi da su?" A ranar godiya kowa yana murna, mata suna waƙa, yara suna ɗauke da kabewa da damman dawa zuwa gaban bagade. Bayan mako biyu kuwa sai ka ga waɗansu sun daina gaisawa a ƙofar majami'a. Abin da ya jawo haka shi ne bukatu sun fi abin hannu yawa, ba mu kuwa da hanyar da muka yarda da ita ta zaɓen abin da za a fara.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata ikilisiya ce ta ƙauye. An tara buhu 30 na masara da dawa, da 'yan kuɗi kaɗan. Bukatu biyar suna jira. Kwanon rufin majami'a yana yoyo. Mata suna tafiya mai nisa kafin su sami ruwan sha a bazara. Akwai gwauraye da marayu, da iyalan da suka baro gonakinsu saboda 'yan bindiga, waɗanda hatsinsu zai ƙare tun kafin watan Agusta. Mai bishara yana zagaya ƙauyuka uku a ƙafa, yana bukatar babur. Matasa kuma suna so a sayi lasifika da kayan kiɗa. Ba ko ɗaya cikin biyar ɗin nan da yake mugun abu. Amma buhu 30 ba za su yi duka ba.

Mun san yadda irin wannan taro yakan ƙare. Mutum uku ko huɗu ne suke magana, su ne kuma suka yi magana bara. Sa'an nan wani ɗan'uwa wanda Allah ya buɗa masa ya miƙe ya ce, maimakon a yi ta facin tsohon rufi, a fara sabon gini babba, shi zai ba da bulo na farko. Wa zai iya musa masa? Aka tafa, aka yi addu'ar rufewa, aka watse. Ginin ya kai linta ya tsaya. Damina ta zo, tsohon rufi yana nan yana yoyo, mata suna nan suna zuwa rafi, gwauruwa kuwa ta ci bashin hatsi da alkawarin za ta biya ninki a kaka. Mu da muke wannan magana mun taɓa zama a irin wannan taro, muka kuwa yi shiru a lokacin da ya kamata mu buɗe baki. Saboda haka ba da yatsa muke nuna kowa ba.

Ƙaunatattu, wannan damuwa ta girmi ikilisiyoyinmu. Ta faru a Urushalima tun manzanni suna da rai. A cikin Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi sun yi yawa, ana raba abinci kowace rana, sai Yahudawa masu jin Helenanci suka fara gunaguni, don ana tsallake gwaurayensu a wajen rabo. Ku lura da abin da manzannin nan 12 suka yi. Ba su tsawata wa masu gunaguni ba. Ba su kuma shiga ɗaki su kaɗai suka yanke magana ba, ko da yake suna da ikon yin haka. Suka kira taron masu bi duka. Suka faɗi abin da yake gaba a aikinsu, watau addu'a da hidimar Maganar Allah. Suka faɗi irin mutanen da ake nema tun ba a ambaci sunan kowa ba: mutum 7, masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Daga nan suka bar wa jama'a zaɓe. Abin ban sha'awa shi ne dukan mutum 7 da aka zaɓa, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, sunayen Helenanci ne da su. Ashe jama'a sun ɗanka aikin a hannun ɓangaren da aka yi wa rashin adalci. Bayan wannan Luka ya gaya mana Maganar Allah ta ci gaba da yaɗuwa, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.

Darasinmu na yau ke nan. Hanyar da muke bi mu yanke shawara aikin ibada ce, daidai da aikin da muka yanke za mu yi. In hanyar ta toshe bakin marar ƙarfi, ko da ginin ya yi kyau, mun yi hasarar ɗan'uwa.

Mu mutanen wannan yanki mun riga mun ga wannan darasi a gonakinmu. Dattawanmu suna tunawa da aikin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka yi daga 1975 zuwa 1980 da rancen Bankin Duniya, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Yana cikin ayyuka uku na farko irinsa a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe, ya kuma haɗa da ƙasar Malumfashi. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri. Masarar da yankinmu ya yi suna da ita ta yaɗu ƙwarai a wannan lokaci. Muna gode wa Allah domin wannan. Amma masu bincike da suka duba aikin daga baya sun nuna cewa a ofis aka tsara shi, malaman gona kuma sun fi zuwa wurin manyan manoma da waɗanda aka kira masu ci gaba, ƙaramin manomi kuwa ya sami abin da ya rage. Shekaru da yawa bayan haka, sa'ad da aka fara wani shiri na raya al'umma a 2009, shi ma da taimakon Bankin Duniya, sai aka juya tsarin. Mutanen gari ne suke taruwa su jera bukatunsu, su zaɓi wadda za a fara, su naɗa kwamiti daga cikinsu, su kuma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da kuɗi ko da yashi da ƙarfin jiki. Masu ilimin duniya sun ɗauki shekaru kafin su yarda da abin da kakanninmu suka faɗa, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In hukuma ta koyi tambayar talaka, ina dalilin da zai sa ikilisiyar Almasihu ta kasa tambayar gwauruwa?

To, yaya za mu yi? Muna so mu ba ku matakai shida. Ba doka ba ce daga Sina'i, shawara ce ta 'yan'uwa, kowace ikilisiya ta gyara ta bisa ga halinta.

Na ɗaya, mu yi addu'a, mu kuma je mu gani. Sa'ad da Nehemiya ya iso Urushalima, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, ya riga ya yi kwanaki yana azumi da addu'a. Duk da haka bai kira taro nan da nan ba. Ya yi kwana 3, sa'an nan ya tashi da dare tare da mutane kaɗan, ya zagaya ya duba garun da ya rushe da ƙofofin da wuta ta ci. Sai da ya gani da idonsa ya yi wa shugabanni magana. Haka mu ma. Kafin ranar taro, a aiki mutum biyu ko uku su hau su ƙirga kwanon da ya huje. A bi mata zuwa inda suke ɗebo ruwa, a san nisan wurin. A shiga gidajen gwauraye cikin ladabi a san abin da yake cikin rumbu. Gani ya kori ji. Rabin gardamar da muke yi a taro a kan abin da ba wanda ya je ya duba ne.

Na biyu, mu ji bakin kowa, ɗaya bayan ɗaya. Mun san al'adarmu. Mace ba za ta yi jayayya a gaban surukinta ba. Saurayi ba zai musa wa baffansa a bainar jama'a ba. Wanda ya ci bashin taki a wurin wani ba zai ɗaga hannu ya ƙi maganarsa ba. Kunya abu ne mai kyau, ba kuwa muna cewa a yar da ita ba. Amma in mun tara kowa wuri ɗaya muka ce, "Akwai mai magana?" shirun da za mu ji ba yarda ba ce. Saboda haka a fara zama kashi kashi: maza a wuri ɗaya, Zumuntar Mata a wuri ɗaya, matasa a nasu wuri. A kowane kashi a ba mutane ɗan lokaci su yi shiru su yi tunani. Sa'an nan a zagaya, kowa ya faɗi bukata ɗaya, magatakarda ya rubuta, ba mai yabawa, ba mai kushewa. A sake zagayawa har maganar ta ƙare. Sai an gama jerawa za a buɗe fili don tambaya da bayani.

Waɗansu malamai biyu a Amurka, Andre Delbecq da Andrew Van de Ven, sun tsara irin wannan hanya a ƙarshen shekarun 1960, suka buga bayaninta a 1971, domin sun lura cewa a taron da aka bari sakaka, masu baki da masu muƙami ne suke cinye lokaci, sauran kuma su bi. Har yanzu asibitoci da makarantu a ƙasashe da yawa suna amfani da ita. Amma mu dubi Ayyukan Manzanni sura 15, taron da aka yi a Urushalima a kan ko wajibi ne a yi wa al'ummai kaciya. An yi muhawara mai yawa. Bitrus ya yi magana. Taron ya yi tsit aka saurari Barnaba da Bulus. Sai da suka gama Yakubu ya tattara maganar. Shugaban taro ne ya yi magana daga ƙarshe. Fastoci da dattawa, muna roƙonku ku riƙe wannan. In kun faɗi ra'ayinku da fari, taro ya ƙare tun bai fara ba.

Na uku, mu yarda da mudu kafin mu fara awo. A kasuwar Ɗandume ko ta Bakori, ba mai yarda a auna masa da tiya ɗaya a saya, a sake wata tiya a sayar. Manzanni sun faɗi halin mutanen da ake nema kafin a kawo sunaye. Mu ma mu yarda da tambayoyin da za mu yi wa kowane aiki tun ba mu san wanda zai ci ba. Ga huɗu da muke ba da shawara. Wa zai sha wahala in aikin nan ya jira shekara ɗaya, wace irin wahala ce kuma? Mutum nawa zai amfana, su wane ne? Za mu iya gama shi da abin da yake hannunmu, mu kuma iya kula da shi bayan an gama? Yaya zai taimaki shaidarmu a gaban maƙwabta? A kan tambaya ta ƙarshe, ku tuna rijiya ba ta tambayar addinin mai guga. Rijiyar da ikilisiya ta haƙa, maƙwabtanmu Musulmi da masu bin al'adar gargajiya suka sha, ita ma tana wa'azi.

A rubuta tambayoyin nan a allo, a karanta su da ƙarfi, jama'a su ce sun yarda. Sa'an nan a ɗauki ayyukan ɗaya ɗaya a auna su. Za ku ga abin mamaki. Mutumin da ya zo da zafi a kan lasifika, in aka tambaye shi wa zai sha wahala in an jira shekara ɗaya, shi da kansa zai yi murmushi.

Na huɗu, mu zauna mu yi lissafi. A cikin Luka sura 14 Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da zai kashe, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa su yi masa ba'a. Ubangiji yana magana ne a kan tamanin zama almajirinsa, amma ya ɗauki misalin daga abin da kowane magini ya sani. Ku bi hanya daga Funtuwa zuwa Malumfashi ku ƙirga gine-ginen da ciyawa ta tsiro a cikinsu. Kowannensu da murna aka sa harsashinsa.

Lissafi ba kuɗin saye kaɗai ba ne. Babur yana shan mai, yana bukatar taya. Rijiyar burtsatse tana bukatar mai gyara in famfo ya lalace, da asusun da za a biya shi. Rumbun taimako yana bukatar buhunan da ƙwari ba sa shiga, da amintaccen mai riƙe da mabuɗi da littafi. Farashi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mun ga yadda kuɗin mota da na kayan gini suka tashi bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Mun kuma ga yadda farashin masara ya faɗi a 2025 alhali taki yana da tsada, har manoma da yawa suka kasa mai da abin da suka zuba. Saboda haka kada mu yi lissafi da farashin da muke fata. A aiki mutum biyu kasuwa su tambayo, a kuma ajiye wani abu a gefe saboda abin da ba a zata ba. Bangaskiya ba ta tsoron alƙalami. Wanda ya ce lissafi rashin bangaskiya ne, sai ya koma ya karanta Luka 14.

Wajen lissafin nan mu sa kalandar manomi a gabanmu, gama sau da yawa ita take raba gardama. Hatsin taimako a kaka ake ajiye shi, lokacin da yake hannu. Rijiya a bazara ake haƙa ta, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa, don kada ta ƙafe daga baya. Rufi kafin ruwan farko ake gyara shi. Waɗansu ayyuka kuma gayya suke bukata fiye da kuɗi, gayya kuwa ba ta samuwa a tsakiyar noma. In mun jera ayyuka bisa ga watanni, za mu tarar biyu ko uku ba kishiyoyin juna ba ne, kowanne da lokacinsa.

Na biyar, kowa ya jefa ƙwayarsa. Ɗaga hannu yana da wuya a wurin mai jin kunya, takarda kuma tana da wuya a wurin wanda bai yi makaranta ba. Amma ba manomin da bai iya ƙirga ƙwaya 10 ba. A kawo tukwane masu ƙaramin baki, ɗaya domin kowane aiki. A sa alama a gaban kowace tukunya: guntun kwano domin rufi, moɗa domin rijiya, zangarniyar dawa domin rumbu, da sauransu. A kafa zana a kewaye su. A ba kowane ɗan ikilisiya ƙwayar masara 10, babba da ƙarami daidai wa daida. Ya shiga shi kaɗai ya rarraba su yadda zuciyarsa ta ba shi, sai dai kada ya zuba fiye da 5 a tukunya ɗaya, domin ya tuna da bukatar wani. Bayan an gama, mutum uku su juye su ƙirga a gaban kowa: dattijo ɗaya, mace ɗaya, matashi ɗaya. Ma'aikatan raya karkara a Indiya da Kenya sun yi amfani da duwatsu da ƙwayoyin iri ta irin wannan hanya tun daga ƙarshen shekarun 1980, wani malami Baturen Ingila mai suna Robert Chambers ya yi rubutu da yawa a kanta. Abin da suka tarar shi ne mutanen ƙauye sun iya auna bukatunsu sarai in an ba su abin awo da suka saba da shi.

Ku duba abin da wannan yake koya mana. Ƙwayar mai buhu 100 da ƙwayar gwauruwa girmansu ɗaya a cikin tukunya. Yakubu ya gargaɗe mu a sura 2 ta wasiƙarsa kada mu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau mu bar matalauci a tsaye. Yawancinmu ba ma yin haka a ranar Lahadi. A ranar taron kuɗi ne muke yi. Ɗan'uwa mai hali, muna gode wa Allah dominka, ikilisiya tana bukatar kyautarka. Amma abin da ka ba Allah ya fita daga hannunka. In ka ce sai an yi abin da kake so za ka bayar, ciniki ka zo yi.

A nan dole mu yi gargaɗi. Yawan ƙwaya ba shi ne muryar Allah ba. A cikin Littafin Ƙidaya sura 13 da 14, 'yan leƙen asiri 10 suka ce kada a shiga ƙasar, 2 kaɗai suka ce a shiga, mutum 2 ɗin nan ne kuwa suke da gaskiya. A cikin Ayyukan Manzanni sura 27, yawancin mutanen jirgi suka zaɓi a ci gaba da tafiya, suka ƙi shawarar Bulus, jirgin kuwa ya farfashe. Akwai kuma bukatar da masu ita kaɗan ne, ƙwayoyinsu ba za su taɓa cika tukunya ba. Saboda haka muna ba da shawara a ware rabon mabukata tun kafin a fara jefa ƙwaya, kamar yadda manomi yakan ware iri kafin ya ci. Ku tuna da Nehemiya sura 5. Ana tsakiyar ginin garu, magabta suna kewaye, sai talakawa da matansu suka yi kuka, don sun jinginar da gonakinsu saboda hatsi, waɗansu har 'ya'yansu sun shiga bauta. Nehemiya bai ce su jira a gama garu ba. Ya kira babban taro, ya sa manya suka mayar da gonaki. Garun kuwa bai fasa gamuwa ba, cikin kwana 52 aka gama shi.

Bayan ƙirga, dattawan ikilisiya su ɗauki abin da ya fito su kai gaban Ubangiji cikin addu'a. In sun ga dalili mai ƙarfi na sake jeri, su dawo gaban jama'a su faɗi dalilin a fili, su saurari amsa. Abin da ba shi da kyau shi ne a tambayi mutane, sa'an nan a je a yi wani abu dabam a ɓoye. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara zuwa taro ba.

Na shida, mu rubuta, mu ɗanka, mu ba da labari. Taron Urushalima bai watse da baki kawai ba. An rubuta wasiƙa, aka zaɓi Yahuza da Sila su tafi da ita Antakiya tare da Bulus da Barnaba, aka karanta ta a gaban jama'a, suka yi farin ciki. Mu ma a rubuta abin da aka yanke: aiki na fari, na biyu, na uku, nawa za a kashe, wa zai riƙe, yaushe za a gama. A karanta shi ranar Lahadi, a manna shi a bango. Kuɗi kada su zauna a hannun mutum ɗaya. Bulus da kansa, sa'ad da yake tattara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya tafi tare da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami abin zargi, kamar yadda muke gani a 2 Korantiyawa sura 8. In Bulus bai ji haushin a sa masa abokan tafiya ba, kada ma'ajinmu ya ji haushin a duba littafinsa. Kowane wata uku a ba da rahoto a gaban jama'a.

Aikin da bai ci ba kuma kada a jefar da shi. A rubuta shi a littafi, a ce wa masu shi, "Mun ji ku, yana nan, da shi za mu fara duba badi." Matasan da suka rasa lasifika bana, in sun ga an rubuta bukatarsu, an kuma ƙirga ƙwayoyinsu da gaskiya, su ne za su fara ɗaukar diga a ranar haƙa rijiya. Mutum yana iya haƙuri da rashin samun abin da yake so. Abin da yake da wuyar haɗiyewa shi ne a yi kamar ba ya wurin.

Wani zai ce, "Wannan hanya tana da tsawo, za ta ci mana Asabar biyu ko uku." Gaskiya ne. Amma ku gwada Asabar uku da shekara biyar na gini a tsaye, ko da iyalin da suka bar ikilisiya da ɓacin rai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, Shaiɗan kuwa ya san taron kuɗi wuri ne mai saurin tsagewa. A kwanakin nan da 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu da yawa suka sha wuya a hannun 'yan bindiga, waɗansu suka rasa shanu, waɗansu gonaki, waɗansu 'yan'uwa, ba mu da buhu ko ɗaya na ɓarnatarwa, ba mu kuma da ɗan'uwa ko ɗaya na yarwa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin taronku na bana, ka tambayi kanka abu biyu. In kai mai yawan magana ne, wa ya yi shiru saboda kai? In kai mai shiru ne, wace gaskiya ce ka sani wadda ikilisiya take bukata, ka riƙe ta a ciki? Bulus ya koya mana a 1 Korantiyawa sura 12 cewa gaɓoɓin jiki da ake gani kamar raunana ne, su ne ba a iya yi sai da su. Mai yiwuwa amsar da ikilisiyarku take nema tana bakin tsohuwar nan da take zama a benci na ƙarshe, wadda ba a taɓa tambayarta ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ruwan sama da amfanin gona, da kowane mudu da 'ya'yanka suka kawo gidanka. Ka gafarta mana inda muka bi son zuciyarmu muka kira shi nufinka. Ka gafarta mana inda muka ji tsoron mutum muka yi shiru, da inda muka danne maganar marar ƙarfi. Ka ba shugabanninmu haƙurin saurare, ka ba masu kunya ƙarfin hali, ka ba masu hali tawali'u. Ka tuna da gwauraye da marayu da waɗanda aka raba da gidajensu, ka kawo salama a ƙasarmu. Ka koya mana mu san abin da ya kamata mu fara, ka kuma ba mu ikon gama shi, domin sunanka ya sami ɗaukaka a tsakanin maƙwabtanmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.